Kwamfutar Nehemiah Ta Daina Magana

Ƙanena Nehemiah makaho ne, kuma duk wanda ya ce masa "Allah sarki" a gabana sai mun kwashi 'yan kallo da shi. Ba a haife shi haka ba. Yana aji biyar na sakandare idon ya fara yi masa hazo. Muka yi ta yawon asibiti daga Gombe har Kano, likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi ya kashe jijiyar, kuma mun makara. Kafin ya cika shekara ashirin ko fitila ba ya gani. Mamanmu ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta rasu ta bar mini shi. Ni ce Jummy, yayarsa. Ɗinki nake yi a Pantami, a gidan hayar da muke zaune ni da shi.

Shekarun farko ba na son tuna su. Yaron da ke buga ƙwallo a bayan filin wasa har a kira shi cin abinci ya ƙi zuwa, sai ga shi a kan benci daga safe har yamma yana sauraron keken ɗinkina. Ana haka wani dattijo a cocinmu ya kai shi inda ake koya wa makafi kwamfuta. Ya dawo da wata tsohuwar laftof, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga, kuma a cikinta akwai muryar wata Baturiya. Duk maɓallin da ya taɓa sai ta faɗa masa, duk abin da ke kan allo sai ta karanta. Da ya saba da ita sai ya ƙara mata gudu, har ta koma yi kamar kaset ɗin da ya sarƙe. Ni ko kalma ɗaya ba na tsinta. Shi kuwa yana jinta sarai, har dariya yake yi in ta kwafsa.

Da wannan muryar ya tsaya da ƙafarsa. Ɗalibai masu bincike sukan je ƙauye su naɗi hirar tsofaffi da Hausa ko da Tangale, su kawo masa, ya sa abin kunne ya saurara, ya rubuta musu da Turanci. Fastoci na kawo wa'azi, ƙungiyoyi na kawo zaman taro. Ba ya barin aikin yau ya kwana. Ran da ya fara sayo mana buhun shinkafa da guminsa, sai da na shiga bayan gida na yi kukana inda ba zai ji ba.

A wurin aikin nan ya samo Edna. Malamar firamare ce a Kumbiya-Kumbiya, tana ƙarin karatu, ta kawo masa hirar da ta naɗa. Aiki ya ƙare, Edna ba ta ƙare ba. Yau ta zo gyaran shafi kaza, gobe ta zo tambayar waƙafi. Na ce mata, "Ke 'yar nan, waƙafin nan ai ya kusa zama aya." Ta rufe fuska da gyale. Yarinya ce mai hankali, kuma ba ta taɓa kama masa hannu sai ya nema.

Matsalar babanta ce. Baba Cornelius manomi ne a Lalaipido, can kudu, mutum mai ƙarancin magana. Da aka kai masa zancen bai yi faɗa ba. Cewa ya yi bai ƙi yaron ba, amma bai haifi 'ya don ta zama sandar wani ba. Ya ce an gaya masa makaho na aiki da kwamfuta, shi kuma bai yarda da labarin baki ba. Zai zo Gombe ranar Asabar ya gani da idonsa. In ya ga yaron na aikinsa shi kaɗai ba mai ja masa hannu, a kawo maganar aure. In ba haka ba, kowa ya haƙura.

To, ka ji abin da ke gabanmu. Nehemiah ya bi ya tsangwami kansa. Laftof ɗin ta kwana biyu tana nauyi, wani lokaci sai ta sandare sai an kashe an kunna. Ya ce ba zai yarda ta ba shi kunya a gaban Baba ba. Ranar Alhamis ya ba Misbahu.

Misbahu shi ne mai shagon da ke ƙofar gidanmu, yana gyaran waya da kwamfuta, yana buga takardu. Mutumin kirki ne, sai dai rawar kai. Ya ce abin da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya ne ya tsufa, zai goge shi tas ya zuba mata sabon tsari. Ya kwashe wa Nehemiah ayyukansa a filas, ya yi abin da zai yi. Da la'asar na je karɓa. Nehemiah ya ja mini kunne cewa in tabbatar akwai sauti, don haka na ce, "Kai Misbahu, tana magana?" Ya danna wata waƙa, shagon ya ɗauka har gilashi na rawa. Ya ce, "Anti Jummy, ta fi da ma." Ya miƙo mini, ya ja ƙofar shago ya datse, ya ce ɗaurin auren wansa za shi a wani ƙauye bayan Dukku.

Na kai wa Nehemiah. Ya ɗora ta a cinya, ya kunna, ya jira, ya danna maɓallan da ke tayar da muryar.

Tsit.

Ya sake dannawa. Ya kara kunnensa a jikinta. Ya sa abin kunne, ya cire, ya hure ramin, ya sake sawa. Ya danna maɓallin ƙara sauti har yatsansa ya yi fari. Ya kashe ya kunna. Ina tsaye a kansa ina ganin allo ya kawo fes, shuɗi mai kyau da wasu furanni, amma ɗakin shiru kamar an yi rasuwa.

Ya ce, "Yaya, me kike gani?"

Rabon da ya yi mini wannan tambayar da irin wannan muryar tun shekarun benci.

Ya ce in duba can ƙasa ta hannun dama, zan ga ɗan hoton lasifika. Na gani, da jan kuros a jikinsa. Ya ce in kai kibiya kansa in karanta. Turancina na ɗinki ne, amma na harhaɗa: wai babu wani abin fitar da sauti a cikin na'urar. Na ce, "Ƙarya take yi, da kunnena na ji ta tana waƙa!" Muka kira Misbahu, ba ta shiga. Muka sake kira, matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunsa. Ƙauyen nasu ko sabis babu. Ban san zagi nawa na yi wa Misbahu a yammacin nan ba, har da wan nasa da amaryar da ban taɓa gani ba.

Washegari Juma'a na rufe keken ɗinki, na bar wa mata ankonsu a yanke, muka hau keke napep zuwa layin masu gyara a kasuwa. Na farko ya danna nan ya danna can, ya ce, "Hajiya, ai direba ne babu." Na ce, "Wace Hajiya? Kuma wane direba? Kai ka ga mun zo da mota?" Nehemiah ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ba mutum ba ne." Ashe wai wani ɗan abu ne da ake zubawa a ciki, shi ke haɗa sabon tsarin da lasifikar, in babu shi ba su san juna ba. Na ce to a zuba mana shi. Mutumin ya nemo a intanet, ya zuba, ta ƙi. Ya nemo wani, ta ƙi. A ƙarshe ya ɗaga kafaɗa ya ce laftof ɗin ta tsufa, waɗanda suka ƙera ta sun daina yi mata irin wannan, sabon tsarin ya fi ƙarfinta.

Na biyu ya kunna bidiyo, ya nuna mini mutane na motsa baki, ya ce, "Ga shi tana aiki lafiya, sauti ne kawai." Sauti ne kawai! Na ce, "Malam, dubi wanda ke tsaye a gabanka da kyau." Ya duba, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce lasifikar ce ta ƙone, ya ɗauko sukuddireba zai kwance. Nehemiah ya dafe laftof ɗin da hannu biyu. Ya ce da lasifika ce, da abin kunne ya yi. Ba wanda zai farke masa ita.

Na uku ya fi su gaskiya. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin abu kamar filas, ana soka shi a gefe sai sauti ya fito ta nan, amma nasa sun ƙare, sai Litinin kaya za su zo daga Kano. Muka bi layin nan shago shago, babu. Ya ce ko a mayar mata da tsohon tsarin. Muka ce a mayar. Ya nemo, ya fara, aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar kuma ba ya jimawa. Ya tayar da janareta, abin ya kai rabi ya tsaya yana neman wata lamba da Misbahu kaɗai ya sani. Allah ya taimake mu bai riga ya goge komai ba. Aka tashi masallaci, aka dawo, muna nan zaune a kan benci, ni da ƙanena, da kwamfuta kurma a tsakaninmu.

Edna ta zo da yamma idonta ja. Ta je har Federal Low-Cost ta aro laftof wurin wata ƙawarta, ashe ta ofis ce, an kulle komai, ba a iya tayar da muryar. Ta ce za ta kira Baba ta ce ya ɗaga zuwan. Ta kira. Ya ce ya riga ya sa a kula masa da gona, kuma mai aiki ba ya ɗaga rana. Ta ce to Nehemiah ya nuna masa wayarsa, ita ma ai tana magana. Nehemiah ya ce waya kowa na da ita, aiki Baba ya ce zai gani.

Sai na kawo tawa dabarar. Na ce zan zauna a bayansa kamar ina ɗinkin hannu, ina leƙen allo, in ya kauce sai in yi tari. Ko in raɗa masa. Tsoho ne, ina zai gane?

Ya juyo da fuskarsa inda nake. Ya ce, "Yaya, abin da zai zo dubawa kenan fa. Ko sai an raɗa mini."

Na tashi na shiga kicin na yi ta buga tukwane ba gaira ba dalili. Tsoro nake ji, tsoro mai tsanani. Ba auren kaɗai ba. Na san in Edna ta kuɓuce masa ta wannan hanyar, bencin nan zai koma, kuma ban da ƙarfin da zan sake ɗaga shi.

Asabar da hantsi Baba Cornelius ya iso. Dogo ne, siriri, da hular saƙa da takalmin roba. Muka gaisa, na kawo ruwa da kunun gyaɗa, ya sha ruwan ya bar kunun. Nehemiah ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan: an yi wa kwamfutar gyara, muryar da ke karanta masa ta ɓace, an yi iya yi ba ta dawo ba.

Baba ya ce, "To. Amma hannunka na nan?"

"Yana nan, Baba."

"Rubuta mu gani."

Ya zauna, ya gyara laftof ɗin, ya danna abin da ya saba dannawa don buɗe shafin rubutu. Yatsunsa suka fara gudu, kakakaf kakakaf, yadda suke yi kullum. Fuskarsa har ta ɗan saki. Ni kuwa ina kallon allo. Shafin bai buɗe ba. Wani ɗan akwati ne ya faɗo tsakiyar allon yana tambayar wani abu na sabon tsarin, ya tare komai. Duk abin da yaron nan ke bugawa a iska yake tafiya. Ko harafi ɗaya bai fito ba, shi kuma bai sani ba, sai zuba rubutu yake yi da dukan zuciyarsa.

Baba ya matso ya leƙa. Ya dubi allo, ya dubi yatsun, ya sake duban allo.

Edna ce ta kasa jurewa. Ta ce a hankali, "Nehemiah, ba abin da ya fito." Ta miƙa hannu ta kama nasa, ta ɗora yatsansa a kan wurin da zai rufe akwatin. Tausayi ne ya sa ta, na sani. Amma a gaban uban ta yi.

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "Na gani." Ya ce mini, "'Yata, na gode da ruwa." Ya ce wa Edna ta raka shi tasha. Ta bi shi tana waiwaye, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Nehemiah bai motsa ba. Yana zaune yana danna maɓalli ɗaya, ya saki, ya danna, ya saki, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san ba kowa. Na zauna a bakin gado na rasa inda zan sa raina. An jima na ji ƙarar ƙofar ƙarfe a waje, ban ma kula ba.

Sai wata Baturiya ta yi magana a titi.

Da ƙarfi fa, kamar mai tallan magani. Ta faɗi harafi ɗaya, ta sake faɗa, ta sake. Nehemiah ya ɗago kai zumbur. Ya danna wani maɓallin, Baturiyar titi ta canza harafi. Ya ce, "Yaya! Ita ce! Tana waje!"

Na fita ko takalmi babu. Ga Misbahu ya dawo, da hular biki a kansa, yana riƙe da baƙar lasifikar nan tasa mai caji da yake jin waƙa da ita a shago, yana jujjuya ta yana salati. Ya ce, "Anti Jummy, kunna ta kawai na yi, sai ta kama Turanci!" Na ce, "Kai, ran Alhamis da me ka gwada mana sauti?" Ya buɗe baki. Ya dubi lasifikar. Ya ce, "Innalillahi. Da ita ce. Na haɗa su ta bulutut, ta iska ba da waya ba, na manta ban raba ba." Ashe waƙar da na ji ba daga laftof ta fito ba, daga wannan abar ce a ƙarƙashin teburinsa. Ta cikin laftof ɗin tun da aka zuba sabon tsarin ba ta taɓa yin ko tari ba. Duk wahalar da muka sha a kasuwa, muryar na kulle a shagon ƙofar gidanmu.

Na so in shaƙe shi, amma ba lokaci. Na fizge lasifikar. Nehemiah ya riga ya fito da laftof a ƙirji, a buɗe, yana laluben ƙofa da kafaɗa. Na kira Edna, ta ce suna tasha, Baba ya shiga mota, saura mutum ɗaya ta cika. Na ce, "Ko kwanciya za ki yi a gaban tayar, kada motar nan ta tashi!"

Mai keken da ya ɗauke mu ya sha masifa. Na ce ya yi gudu, na ce kada ya faɗa rami, na ce ya yi gudu. Lasifika na cinyata tana ta surutu, don Nehemiah na ta danne-danne yana neman shafin rubutu. Ana cikin haka Baturiyar ta sanar wa duk titi cewa batir ya kusa ƙarewa. Na ce, "Yesu, ka riƙe mana shi."

Mun tarar motar ta cika, an ɗaure kaya har da buhun takin da Baba ya saya, ɗan kamasho na rufe but. Baba na gidan gaba, gilashi a sauke, yana kallon gabansa. Edna na tsaye a jikin ƙofar. Nehemiah bai jira na kai shi ba, muryar Edna ya bi. Ya tsuguna a ƙasa, a cikin baƙin mai da ɓawon rake, ya ɗora laftof a gwiwa. Ni kuma na ɗaga lasifikar sama da hannu biyu kamar mai tallan burodi.

Ya ce, "Baba, ta dawo. Faɗi duk abin da kake so in rubuta."

Baba bai juyo ba. Mutane suka fara taruwa. Mai motar ya danna hon. Wata mata a baya ta ce don Allah a bar su su tafi, rana na yi. Nehemiah ya ce, "Baba, ko kalma ɗaya ce."

Tsohon ya ɗan juyo. Ya ce, "Rubuta sunan garinmu."

Yatsu suka motsa. Sabon tsarin ya mayar da muryar a hankali, ba irin gudun da ya saba sa mata ba, don haka kowa a wurin ya ji harafi bayan harafi. Da ya gama sai ta haɗa kalmar, ta ce da ƙarfinta, "Lala-paido."

Baba ya yamutsa fuska. Ya ce, "Me ta ce?"

Nehemiah ya sake sa ta. "Lala-paido."

"Kai! Ba haka ba ne!" Baba ya leƙo da kansa ta taga, lasifikar yake yi wa faɗa, ba mu ba. "La-lai-pi-do! Ina kika taɓa jin Paido?"

Nehemiah ya ce, "Baba, ni daidai na rubuta, bakinta ne. Bari in gyara mata." Edna ta yunƙura za ta sunkuya, na taka mata ƙafa, ta tsaya cak. Ya koma baya shi kaɗai, muna jin tana faɗin haruffan da yake gogewa. Ya raba kalmar, ya canza mata wasu haruffa yadda bakin Bature zai iya ɗauka, ya saurara, ya girgiza kai, ya sake gyarawa. Sannan ya danna.

"Lalaipido," in ji ta, tsaf, kamar an haife ta a can.

Wurin ya ɗauki shewa. Ni dai ban sauke lasifikar ba. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon yaron da ke tsugune a ƙasa, da hannuwan 'yarsa da ke naɗe a ƙirjinta ba su taɓa komai ba. Mai mota ya sake danna hon, ya ce, "Baba, za mu tafi ko ba za mu tafi ba?"

Tsohon ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya kira ɗan kamashon ya ce, "Kwance igiyar nan ka sauke mini buhun takina. Ba yau zan koma ba."